Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Hanyar Isa Tashar Jirgin Ƙasa ta Rigasa

Zuwa ga Gwamnatin Jihar Kaduna, da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, da Majalisar Ƙaramar Hukumar Igabi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni malamin makaranta ne, mazaunin Rigasa tun kafin a kafa tubalin farko na tashar jirgin ƙasa. A kan idona aka share filin, aka shimfiɗa dogo, aka ɗaga ginin. Ranar 26 ga Yulin 2016 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin Abuja zuwa Kaduna, mu mutanen wannan unguwa mun yi murna irin ta wanda aka kawo wa baƙon arziki har ƙofar gida. Har gobe muna alfahari da wannan tasha. Saboda haka ne ma na ɗauki alƙalami, don abin da mutum yake so shi yake damuwa da shi.

Maganata ba a kan jirgi take ba, ba kuma a kan tikiti ba. A kan 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofar gidan fasinja da ƙofar tasha take. Jirgin yana cinye kilomita 186 daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja a cikin awa biyu da 'yan mintuna, mutum na zaune a kujera yana shan sanyi. Amma kilomita ɗaya ta ƙarshe kafin a kai ga wannan kujera, ga wanda ya taho a ƙafa ko a kan keke, ita ce mafi wuya a duk tafiyar.

Bari in ba ku labarin wata safiya ta watan Agusta. Mahaifiyata tana da ganin likita a Abuja, ƙanwata kuma za ta tarbe ta a tashar Kubwa. An kwana ana ruwa. Mai Keke Napep ɗin da ya ɗauko mu ya ga cunkoso ya yi yawa a gaba, ya ce sai dai mu yi haƙuri mu sauka mu ƙarasa a ƙafa, in ba haka ba jirgi zai tafi ya bar mu. Muka sauka. Na ɗora jakarta a kafaɗa, na riƙe mata hannu. A hagunmu kwata ce cike da ruwa, ba murfi. A damanmu motoci ne da babura suna wucewa har iskarsu na kaɗa mata mayafi. Abin da ya rage mana na takawa bai fi faɗin tabarma ba, shi ma wani wurin an ajiye mota a kansa, wani wurin teburin mai sayar da burodi ne, wani wurin taɓo. Duk inda muka tarar da cikas sai mun sauka kan kwalta mun zagaye.

"Ɗan nan, tsaya in numfasa," in ji ta.

Na duba gabas da yamma, babu dakali, babu inuwa, babu ko kututturen da za ta jingina. A tsaye ta huta, hannunta ɗaya a kafaɗata. Muna nan wata mota ta taho a guje ta faɗa cikin wani kududdufi, ruwan laka ya wanke mata zane daga gwiwa zuwa ƙasa. Direban ko waiwaye bai yi ba. Na fusata zan yi magana, ta riƙe ni ta ce, "Ƙyale shi, shi ma sauri yake. Mu dai mu kai." Mun kai, ta samu jirgi, amma da jiƙaƙƙen zane ta zauna har Kubwa. Tsohuwa ce da ta haura saba'in. Ina komawa gida a ranar abin da nake ta juyawa a raina shi ne, da ƙafarta ta zame a bakin kwatar nan fa?

Ban kawo wannan labari don neman a tausaya mana ba. Na kawo shi ne domin duk wanda ke zaune a wannan yanki yana da irinsa. Rigasa tana cikin unguwannin da suka fi yawan jama'a a Kaduna, kuma mafi yawanmu ba mu da mota. Mai goyo da kaya a ka, ɗalibi mai komawa makaranta, ɗan kasuwa mai tura baro, leburan da ke aiki a Abuja yana dawowa gida duk ƙarshen mako, duka da ƙafa suke isowa, ko su sauka daga abin hawa nesa da ƙofa su ƙarasa da ƙafa. Ko mai mota ma, da zarar ya kulle ta ya zama mai tafiya a ƙasa. Ba mu musun cewa an yi ayyukan tituna a Kaduna a shekarun nan, mun gani kuma mun gode. Sai dai in aka auna titi da faɗin mota kawai, mutum mai ƙafa biyu sai ya zama kamar ɗan karo a kansa.

Abin da muke roƙo a nan ba wani abin a zo a gani ba ne. A yi wa masu tafiya a ƙafa tasu hanya a gefen titin da ke shiga tasha, gefe da gefe, a ɗaga ta sama da kwalta yadda mota ba za ta hau ba, da faɗin da mutum biyu masu kaya za su gifta juna ba tare da ɗaya ya sauka ba. A rufe kwatoci da murfin kankare mai ƙarfi, wanda za a iya ɗagawa a yashe su kafin damina. Hanyar ta kasance a haɗe, kada ta yi taku hamsin ta yanke a bakin wani shago, ta sake ɓullowa can gaba. Inda dole sai an tsallaka titi, musamman daf da ƙofa, a yi zane a fili, a sa tudun rage gudu kafinsa, domin zane kaɗai ba ya tsayar da direba a ƙasar nan, kowa ya sani. A dasa itatuwa, ko darbejiya ce, ba ta da wahalar raino kuma inuwarta na da sanyi. Kowace 'yar tazara a gina dakalin siminti. Da akwai guda ɗaya a wannan safiya, da Inna ta zauna.

Sai fitila. Fasinjan jirgin farko yakan fito tun gari bai gama wayewa ba, na jirgin ƙarshe kuma in ya makara yakan iso bayan duhu ya shiga. Fitilun sola a bisa hanyar masu ƙafa, waɗanda ake dubawa ana gyarawa in sun mutu, za su rage fargabar mata da 'yan mata fiye da duk wani jawabi.

Yanzu in zo kan keke, wanda shi ne abin hawana, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Tun ina saurayi nake hawan keke, da shi nake zuwa makaranta kullum. Iyayenmu a kan Raleigh da Phoenix suka yi rayuwarsu, da su suka je gona, suka je masaƙun Kakuri lokacin da suke aiki, suka kai yara asibiti. Daga baya babur ya zo, keke ya koma kamar abin kunya, ana ganin na talaka ne ko na yaro. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, na ga mutane da yawa sun zaro tsofaffin kekuna daga zaure sun kaɗe musu ƙura. Masu gyaran keke na unguwarmu za su ba ku shaida, aikinsu ya dawo. Garin Kaduna shimfiɗaɗɗe ne, ba tsaunuka. Mutumin da ke Hayin Danmani ko Bakin Ruwa ko Kabala ta Yamma zai iya isa tasha a kan keke ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Me ke hana shi? Abu biyu. Na farko tsoron titi. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne in ya isa ina zai ajiye keken?

Duk lokacin da zan je Abuja in dawo a rana ɗaya, wajen wani mai faci nake barin nawa, can baya da tasha. Mutumin kirki ne, ba ya karɓar ko sisi. Yakan ce, "Malam, jingina shi nan, amma ka san da magariba nake tashi." Wata rana jirgin dawowa ya yi jinkiri, ban iso ba sai bayan isha'i. Na tarar da rumfarsa a rufe, ba keke, ba shi. Gabana ya faɗi. Ina tsaye ina tunanin ta inda zan fara, sai mai shayin da ke gefe ya ƙwala mini kira, ya ce ai maigidan ya jira ni har ya gaji, ya tura keken zuwa gidansa, ya bar saƙo in je da safe. Washegari na je na same shi an shigar da shi har tsakar gida, an rufa masa buhu saboda raɓa. Allah ya saka masa da alheri. Amma ku duba, tsarin ajiyar keke na tashar da ke haɗa Kaduna da babban birnin ƙasa ya dogara ne a kan kirkin wani bawan Allah mai faci. Wanda bai san kowa a wurin ba fa? Shi dole ya bar kekensa a gida ya biya kuɗin acaba zuwa da dawowa.

Rumfa ɗaya ta kwano za ta kashe wannan magana. A yi ta kusa da ƙofar shiga, a inda idon jami'an tsaro ke kaiwa, ba can bayan gini inda ba mai bi ba. A kafa ƙarafa a ƙasa waɗanda mutum zai ɗaure jikin keken da sarƙa da kwaɗo, ba taya kaɗai ba, don taya ana kwance ta a tafi da sauran. A sa mai gadi, ya ba ka lamba, ya rataya irinta a keken, in ka dawo ka nuna taka ka ɗauka. Wannan ba baƙon tsari ba ne, haka ake ajiye babura a manyan kasuwanninmu da asibitoci. In za a karɓi kuɗi, ya zama kaɗan ƙwarai, a rubuta shi a allo. A ware gefe guda na babura, domin ma'aikata da yawa da babur suke zuwa su wuce Abuja aiki. A ba wani mai gyara ɗan wuri a gefen rumfar ya ajiye famfonsa da kayan faci, shi ya samu abinci, mu mu samu sauƙi. Filin da mota ɗaya ke cinyewa zai ɗauki keke wajen goma. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, ma'ajiyar kekunan da ke tashar jirgin ƙasa tana ɗaukar sama da 12,000. Mu ba mu ce a yi mana haka ba. A fara da wurin keke ɗari, a ga yadda zai cika.

A kan titi kuma, in faɗinsa ya ba da dama, a ware wa keke nasa layi da ɗan shinge na siminti. Fenti kaɗai ba zai yi ba, kwana biyu zai koma wurin fakin.

Batun motoci shi ne wanda kowa ke gani, saboda shi ke da hayaniya. Ku zo ku tsaya minti goma kafin jirgi ya iso. Mutum uku ne ke kokawa a wuri ɗaya, alhali buƙatunsu daban. Akwai wanda ya kawo fasinja, minti biyu kawai yake so ya sauke shi ya juya. Akwai wanda ya zo tarbar baƙo, zai iya zaman awa guda in jirgi ya makara. Akwai wanda zai kulle motarsa ya tafi Abuja sai bayan kwana uku. Ga masu tasi, ga masu Napep, ga 'yan acaba, kowa na son ya fi kowa kusa da ƙofa don shi fasinja zai fara gani. Da jirgi ya sauke mutane ɗaruruwa a lokaci ɗaya, sai wuri ya cuɗe, mai shiga ya tare mai fita, hon ya kaure, masu ƙafa su dinga ratsawa tsakanin bamba da bamba da kaya a ka.

Ban ga laifin masu Napep da 'yan acaba ba, kuma ina roƙon kada a ce korarsu ce magani. Su ne ke kai mutane lungunan da babu motar da za ta shiga, in ba su tashar ba za ta yi aiki ba. Abin da suka rasa shi ne wuri nasu. A ware musu fili mai inuwa, a zauna da shugabannin ƙungiyoyinsu a tsara layi, kowa ya bi bayan ɗan'uwansa. A raba hanyar shiga da ta fita. A keɓe gefen saukewa inda ba a kashe mota, a keɓe na masu jira, a kai na masu kwana can ciki. Masu ƙafa da masu keke a ba su tasu 'yar ƙofa, kada su haɗa kafaɗa da mota. Kuɗin fakin a rubuta shi ɓaro-ɓaro, na awa daban, na kwana daban, a ba da rasit. Idan wurin fakin na ciki ya zama mai tsari da aminci, sannan jami'an KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na jiha, za su samu bakin hana mutum ajiye mota a kan hanyar masu ƙafa, domin an nuna masa inda zai kai ta.

Haka masu teburi da masu talla. Yawancinsu 'ya'yan unguwar ne, da wannan tasha suke ciyar da iyali. A ja musu layi bayan hanyar masu ƙafa, a ba su rumfuna. In aka kore su kawai, gobe za su dawo, don yunwa ba ta jin doka.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba wanda zai yi wasa da ita a wannan layi. Ba mu manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, lokacin da aka kai wa jirgi hari a hanyarsa ta zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka sace wasu da dama, zirga-zirga ta tsaya har zuwa 5 ga Disambar wannan shekara. Tun daga nan aka tsaurara bincike, kuma mun yarda da hakan. To amma cincirindon motocin da ba a san masu su ba a bakin ƙofa, a cikin duhu, shi kansa ɓaraka ce. Wuri mai haske, mai layi, wanda aka san wa ke shiga wa ke fita, ya fi sauƙin gadi. Ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ta ina motar asibiti ko ta kashe gobara za ta kutsa?

Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, kuma wa'adin ya cika. Gangaren da ke cikin gini ba zai amfani mai keken guragu ba in tun daga titi akwai buɗaɗɗiyar kwata tsakaninsa da ƙofa. Makaho da ɗan jagoransa ma suna buƙatar hanya miƙaƙƙiya wadda ba ta da rami.

Dalilin da ya sa na haɗa ku ku uku a wasiƙa ɗaya shi ne, a fahimtata, matsalar tana zaune ne a daidai inda ikon wannan ya ƙare na wancan ya fara. Cikin katanga na Hukumar Jiragen Ƙasa ne. Titi da tsara gari na jiha ne, ta hannun hukumomi irin su KADRA da KASUPDA. Ƙananan 'yan kasuwa da tashoshin abin hawa sun fi kusa da ƙaramar hukuma. Kowa zai iya yin nasa da kyau, amma tsakanin katanga da kwalta a bar wani zirin ƙasa wanda ba mai shi. Shi kuwa fasinja bai san wannan iyaka ba, tafiyarsa ɗaya ce daga gida har tarago. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna a teburi ɗaya, ku fitar da taswira ɗaya, ku sa sunan ofishi ɗaya da za mu riƙa kai wa kuka in murfin kwata ya karye ko fitila ta mutu. Ku kuma gayyato masu unguwanni, da limamai, da ƙungiyoyin mata, da na masu abin hawa, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya da inda yara ke tsallakawa zuwa makaranta.

Abuja ta riga ta ga irin wannan. An ƙaddamar da jirgin cikin gari a can a watan Yulin 2018, amma da yawa daga tashoshinsa ba su da hanyar shiga mai kyau, mutane ba su iya kaiwa gare su. Ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai a watan Mayun 2024, bayan an gina hanyoyin zuwa tashoshin. Mu namu jirgin yana da fasinja, alhamdu lillahi, amma lokaci na ƙurewa. Tun a Yulin 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi ana yi. Ranar da aka haɗa su, mutanen Zariya da Kano da Katsina da Nijar za su riƙa sauka a nan. Kuma kullum gine-gine ƙara matsowa suke kusa da tasha, filin da yau za a iya keɓewa don rumfar keke da wurin fakin, nan da shekara kaɗan sai an biya diyya an rushe kafin a same shi.

Ina da roƙo ɗaya na ƙarshe, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku turo injiniyoyinku da manyan jami'anku wata ranar Juma'a da yamma, lokacin da ma'aikata ke dawowa daga Abuja, ko wata safiya bayan an yi ruwa. Su bar motocinsu nesa, ba jiniya, ba mai share musu hanya. Kowa ya ɗauki jaka ɗaya, a samu ɗaya daga ciki ya hau keke, su taho tare da mu har ƙofar tasha. Mu mutanen unguwa za mu tarbe su, mu nuna musu wuraren ɗaya bayan ɗaya, har da inda Inna ta tsaya ta numfasa. Ni zan ba da aron kekena.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu zaman lafiya a Kaduna da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, mazaunin Rigasa, Kaduna.